Abin da Mama Ta Ajiye a Kwandon Shara

"Ina kwandona?"

Abin da Mama ta fara faɗa ke nan da ta zauna gaban kwamfutar shagonmu da safen nan, ko gaisuwarmu ba ta amsa ba. Ni ina kan keke ina haɗa hannun riga, ƙanwata Auta tana guga. Mijinta kuma, wanda muke kira Injiniya duk da magani yake sayarwa a kemis, yana durƙushe bayan firinta yana lallashinta.

Shi ya jawo mana komai. Tun farko shi ya sa mana manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, irin ta kyauta ɗin nan da mutane ke haɗa hannu su rubuta, kowa yana iya leƙa cikinta. A faɗi gaskiya ta yi mana aiki shekara da shekaru, da ita muke fitar da samfurin ɗinki mu nuna wa masu kawo aiki. Sai jiya ya ga sanarwa wai sabon zubi ya fito, jikinsa na rawa ya danna, ya ce za mu sha mamaki. Mun kuwa sha. Firinta ta daina jin kira, hotunan samfuri suna buɗewa a kwance, duk maɓallin da muka sani a hagu ya yi hijira zuwa dama, agogo kuma yana nuna lokacin wata ƙasa da ba mu da kowa a can.

"Wane kwando, Mama?" in ji Auta. "Ga shi nan ƙarƙashin tebur."

Kwandon ƙyallaye take nufi. A shagonmu kwando ba wurin zubarwa ba ne. Duk guntun yadin da ya faɗo daga almakashi nan yake shiga, kuma ba a taɓa juye shi a bola ba, daga nan Mama ke zaro na aljihu, na faci, na kwalliyar wuya.

"Ba wannan ba," in ji Mama. "Na cikin nan. Wanda yake zama a ƙasa, nan lungun."

Auta ta fashe da dariya. "Kai, Mama! Firinta ta mutu, aiki ya tsaya, ke kuma kwandon shara kike cigiya?"

Mama ba ta yi dariya ba. Hannunta na kan linzamin kwamfutar. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Muryar babanku na ciki."

Na ɗauke ƙafa daga kan keke. Auta ta bar dutsen guga a kife kan zanen mutane, sai da na daka mata tsawa ta ɗaga.

Baba direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta, kuma ba mai son rubutu ba ne. Saƙon murya yake turo wa Mama, safe da yamma. Ya rasu bara waccan. Da wayar Mama ta faɗi ta fashe, Injiniya ya kwashe duk abin da ke ciki ya zuba a kwamfutar shago kafin a jefar da ita. Wannan duka mun sani. Abin da ba mu sani ba shi ne wanda Mama ta faɗa mana yanzu, a gutsure a gutsure, kamar ana zare mata ƙaya. Wata rana ɗaya daga cikin jikokinta yana taɓe-taɓensa ya buɗe wani saƙo, sai ga muryar Baba ta cika shago yana kiran Mama da wani suna da ba mu taɓa ji ba. Kunya ta kusa kashe ta. A ranar ta tattara saƙonnin duka ta jefa su a kwandon shara, don ta lura yara suna buɗe ko'ina amma ban da nan. Kullum da safe takan riga mu shigowa, ta jawo guda ɗaya waje, ta saurara, ta mayar.

Mu kuwa a zatonmu shara take zuwa yi. Har faɗa na sha yi mata, ina cewa da mu a raye ba za ta riƙa riƙe tsintsiya ba.

Injiniya ya miƙe daga bayan firinta, gwiwoyin wandonsa duk ƙura. "Mama, kwantar da hankalinki, yana nan. Hotonsa kawai suka cire daga fuskar allo, ciki suka mayar da shi." Ya ja kujera, ya danna nan ya danna can, sai ga kwandon a jerin gefe, an canja masa kama ya yi fari fes. Har ya waigo yana murmushi irin na wanda ya ci gasa. Sannan ya buɗe.

Saƙonnin Baba na shekaru ne, in a takarda ne da sun cika akwati. Abin da muka gani a allon bai kai tsawon tafin hannuna ba.

"Ja ƙasa," in ji Mama.

"Ƙarshen ke nan, Mama."

"Ja dai."

Ya ja, babu abin da ya motsa. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya shiga wajen saiti yana bincike, zufa tana tsattsafo masa a goshi duk da fanka na kansa. Can ya tsaya cak, ya ce innalillahi, a hankali. Auta ta dafa kafaɗarsa ta ce ya yi magana mana.

Ashe sabon zubin ya zo da wani ɗan maɓalli da tsohon ba shi da shi, kuma a kunne ya zo. Duk abin da ya wuce wata guda a kwando, kwamfutar da kanta za ta share shi, don a samu wuri. Jiya da ta gama sabuntawa ta tashi, aikin da ta fara ke nan. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda Mama ta jawo ta mayar a 'yan makonnin nan, don a wurin kwamfutar sabbin shiga ne.

Raina ya ɓaci, ɓacin da har yanzu in na tuna nake jin zafinsa. Wa ya ce musu duk abin da ke kwando shara ne? Wani yana zaune can inda ba mu sani ba, yana ganin alheri yake yi wa duniya, ya kunna abu bai tambayi kowa ba. Tunda shi ba ya kusa, kan Injiniya na sauke. Na ce wa ya aike shi, me tsohuwar ta yi masa, ko ciwo take yi da zai ba ta magani? Ya sunkuyar da kai. Auta ma, da ba ta bari a taɓa mijinta, ba ta kare shi ba.

Mama ba ta ji ko ɗaya ba. Ta matso da fuskarta dab da allon, tana bin 'yan layukan da yatsa. Ba ta karanta sunayen fayil, kwanan wata take dubawa, ta san kowanne da ranarsa. Ta kai ƙasa, ta koma sama, ta sake saukowa.

"Na asibiti fa?"

Ta waigo ta dube mu.

"Na ƙarshen. Wanda ya turo daga asibiti."

"Yaushe kika jawo shi, Mama?" Injiniya ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In cikin watan nan ne..."

"Ban taɓa jawo shi ba." Ta sauke hannunta kan cinya. "Ban buɗe ba. Ranar da ya turo na ce ai da yamma zan je, ya faɗa min da bakinsa. Da na je ya riga ya daina magana. Daga baya kuma na ga in na buɗe, ya gama faɗa min komai ke nan. In yana nan a rufe, da sauran magana a tsakaninmu."

Auta ta toshe baki da mayafinta ta fita waje. Shekara biyu matar nan tana zama kusa da ni tana yanka yadi, tana tsokanata kan ɗinkina ya karkace, ban san da wannan ba.

Injiniya ya kashe kwamfutar nan take, ya kwance ta da sukundireba, ya zaro ma'ajiyar bayananta ya naɗe a hankicinsa, ya ce akwai wani abokinsa da ya iya tono abin da aka goge. Ranar bai buɗe kemis ba. Mun yi ta aiki ba mai magana, masu kawo ɗinki suna shigowa da raha suna fita da mamaki. Da la'asar ya dawo, tun daga bakin ƙofa na gane. Abokin ya ce irin wannan ma'ajiyar ba ta riƙe abin da aka share, kuma sabon zubin ya riga ya baje kayansa a wurin. Injiniya ya durƙusa gaban Mama, babban mutum da gemunsa, yana hawaye. Ta ce ya tashi, ai shi ne ma ya ceto su daga wayar tun farko. Ta ce ya je ya ci abinci.

Da suka tafi ya rage ni da Mama. Tana tsintar ƙyallaye a ƙasa tana sakawa a kwandonta, sai ta tsaya da wani guntun shuɗi a hannu.

"Ke," ta ce. Haka take kirana, ni ce 'yar fari. "Ranar nan hannun babanku ba ya riƙe komai. Wa ya riƙe masa wayar?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

Ni ce kuwa. Ya ce in danna masa, in kara a bakinsa. Na ji ya gyara murya, na ji ya fara da sunan nan da jikansa ya tona daga baya. Daga nan kunya ta kama ni, don ba huruminka ba ne ka saurari abin da ubanka zai faɗa wa uwarka. Na miƙa hannu iya tsawonsa, na kau da fuska wajen taga, na dinga ƙirga motocin da ke shiga harabar asibitin da gangan don kada kunnena ya kama komai. Ya daɗe yana magana, har hannuna ya yi tsami. Sau ɗaya na ji ya yi 'yar dariya. Iyakar abin da na sani ke nan.

Mama ta dube ni, idanunta sun yi haske irin wanda ban gani ba tun safe. "Ashe kin ji."

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya. Ta ɗaga hannu da sauri, ƙyallen na tsakanin yatsunta.

"A'a, kada ki faɗa min yanzu. Riƙe shi tukuna. Sai ranar da na tambaye ki."

Ta jefa ƙyallen a kwando, ta tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta ce in kashe fanka in zan fito.

Na ce to.