Jirgin Kara na Mushe Kyari

"Sake dannawa," in ji Mushe Kyari daga kan tabarma.

Na sake danna jan buton ɗin. Farfela huɗu suka ɗauki kuka kamar an taɓa gidan zuma, kajin Ya Fati suka watse. Jirgin ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya karkace, ya ja ciki a ƙasa har ya je ya daki gindin randa. Nan ya tsaya yana rawar sanyi.

Ya Fati ta leƙo daga madafa. "In kun fasa mini randa, ku biyun za ku je ɗibar ruwa."

Mushe bai kula matarsa ba. Ni ya kalla. "Ɗanƙarami, ɗauko shi ka ɗora mini a hannu."

Na ɗora. Hannun ya saki, sai da na tare.

"Ƙofar gida na ce ka yi mini, ko jirgi?"

"Ƙarfen kujera ne, mafi siranta a shagona."

"Kara na ce maka. Karan dawa."

"Kara na yara ne, Mushe. Ni mai walda ne. Shekara talatin ban taɓa ba mutum abin da zai karye ba."

"To ga shi bai karye ba," ya ce. "Bai kuma tashi ba. Ka cinye mini kwana biyar, kuma ka san ba ni da su da yawa."

Gaskiyarsa ce.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Birni, shekara goma sha tara. Shi Babarbare ne, ya yi lakwal mai zurfi, wato boko, irin waɗanda muke ce wa Mushe, ya yi aiki a gidan waya har ya ajiye. Ni aji uku na yi aka kore ni, ban kuma yi kuka ba. Tun da ya bar aiki ɗakinsa ya koma gidan wayoyi da matattun rediyo. Bara waccan ya ji a rediyo wai an fito da wata 'yar ordinatar, wadda 'yan Kano ke ce wa kwamfuta, ba ta fi kwalin ashana girma ba, kuma ba ta kai kuɗin zakara ba. Mutumin nan bai bar wani Bakano mai shagon waya a Kasuwar Dole ya huta ba sai da ya kawo masa ita. Ranar da ta iso ya kira ni ta kan katanga, ya buɗe tafin hannu.

"Ka ga wannan? Wadda muka yi aiki da ita a gidan waya sai mutum biyu ke ɗaga ta. Wannan ta fi ta kai."

Na ce, "Kada dai kaza ta haɗiye."

Da ita ya ce zai yi ƙwaƙwalwar ɗan jirgi marar matuƙi. Da fari wasa ne, abin kashe yini. Ya tara injuna huɗu ƙanana, da batir, da 'yar kamara kamar idon akuya. Sai ciwon ya zo. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Asibiti suka riƙe shi sati biyu, suka sallamo shi da kwalaben magani. Kowa ya gane abin da sallamar ke nufi, shi ya fi kowa ganewa.

Daga nan jirgin ya daina zama wasa. Yana da gona a Hamdara, ta gado, ƙanensa Mahamud ke noma masa. Daga nan hatsin gidan ke zuwa. Bana ruwa ya ɗauke tun kafin gero ya gama zuba ido. 'Yarsu Ramatu tana aure a Maraɗi, ta ce in ta Allah ta kasance za ta ɗauke uwarta. Ya Fati kuwa ta ce ita ba za ta zauna gidan suruki tana jiran a miƙo mata kwano ba. Mushe ya yanke: in geron ya yi, Fati ta zauna ɗakinta. In bai yi ba, shi da bakinsa zai ce ta tafi, tun yana da bakin.

Sai dai ba mai gaya masa gaskiya. Mahamud ya zo ya ce gona sai godiya. Ya nuna masa hoto a waya, zangarniya kamar hannun mutum.

Da ya fita, Mushe ya ce da ni, "Mai ɗaukar hoto inda ya yi kyau yake tsayawa. Kowa ƙarya yake yi wa marar lafiya, don yana son sa. Daga sama ba wurin ɓuya."

"Ni in je in gano maka mana."

"Kai ka san gero? Ƙarfe ka sani. Idona nake so ya je."

To shi ne na je na yi masa ƙarfe.

Ranar da jirgin ya daki randa ban koma aiki ba. Neman kara na fita. Ƙarshen damina ne, karan bana ɗanye, na bara duk an ƙone ko dabbobi sun ci. Na zaga har bakin kasuwa, babu. Na dawo shago na zauna, na ɗaga kai, sai ga shi a kaina: rumfar shagona karan dawa ce, shekara biyu tana shan rana. Na hau durom na zare guda ashirin. Mai facin taya na kusa da ni ya ce ko na haukace ne. Na ce ya ji da tayarsa.

Mushe ya sa na jingina shi da bango. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar karan, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. Wanda ƙwaro ya shiga ya jefar. Cikin ashirin, huɗu ya zaɓa.

"Bibbiyu za ka haɗa, ka gicciya su. Gaɓa ta zauna inda injin zai zauna, nan ne ƙarfinsa."

Hannunsa rawa yake, don haka shi ne baki, ni ne hannu. Zaren ɗinkin buhu muka yi ɗauri da shi, muka bi da gam. Yatsuna sun saba da guduma. Wayoyin nan kamar gashi, sau uku ina tsinka ɗaya.

"A hankali, maƙeri. Ba ƙyauren garaji ba ne."

"In ka iya, karɓi."

"Da na iya, da na kira ka?"

Ya Fati ta ajiye mana kunu, ta tsaya tana kallo. "Malam, ka sha maganin?"

"Sa ni barci yake. In na gama."

"Ka gama me? Kai da ka ce gobe tun watan jiya."

"Ɗakinki nake ɗaura miki da zare, Fati. Bar ni."

Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Kwana biyu muka yi. Rana ta uku da hantsi na danna buton a tsakar gida. Abin ya ɗaga, ƙafa huɗu lokaci ɗaya, ya tsaya daidai ƙirjina kamar an rataye shi. Ya sauka a hankali. Mushe ya rufe ido, ya ce, "Alhamdulillahi." Daga nan ya ce, "Kada ka tashe shi sama a gari, a zo a kwashe mu. Gobe ka kai shi."

Tun bara, lokacin yana da ƙafa, ya taka kusurwoyin gonar huɗu da wayarsa ya rubuta lambobinsu. Su ya zuba wa 'yar ordinatar. Ya ce hanyar tana cikin kanta, ni ba ruwana da tuƙi.

"Akwai gawo a bakin gona. Ka ajiye shi gabas da gawon, wuri mai fili, hancinsa na kallon rana. Ka danna, ka ja baya. Kada ka bi shi da gudu. Zai dawo inda ya tashi. Batir ɗin tashi ɗaya zai yi, ba biyu."

Bayan asuba na sa shi cikin kwali, na cusa tsummoki, na ɗaure a bayan moto, babur ɗina. Na bi gudron, hanyar kwalta, har Mirriya, daga nan na shiga yashi. Kowane rami sai na ji kamar a haƙarƙarina karan zai karye. Sau biyu na sauka na tura.

Mahamud na gonar. Da ya ga kwalin ya gane.

"Ɗanƙarami, kada ka yi wa yayana haka. Mutum na kwance, a bar shi ya tafi da farin ciki."

"Shi ya aiko ni."

"Ka ce masa ya faɗi ya lalace."

"Ni ban iya ba. Matsa."

Na ajiye shi gabas da gawo, na ce bismillahi, na danna. Ya tashi, ya wuce kan gawon, ya yi sama har ya koma kamar shirwa. Ya miƙe arewa, ya juyo, ya sake miƙewa, kamar mai huɗa da shanu. Mata biyu masu tsinkar yakuwa suka tsaya da hannu a goshi. Iska ta taso ta ture shi gefe. Ya gyara da kansa. Da zai sauka ya sauko da ƙarfi, hannu ɗaya na karan ya tsage. Ban damu ba. Na zare ɗan katin da hoton ke ciki, na ƙulle a bakin aljihu kamar yadda ya koya mini.

Ban iya gero ba, amma ina da ido. Abin da na taka a hanyar fita ƙarmami ne, yana karyewa a ƙarƙashin takalmi. A hanya na yi tunanin maganar Mahamud. Katin bai fi farce ba. In ya faɗi cikin yashi, wa zai ce na yar? Na taɓa aljihun, na ƙara wuta.

Na iso bayan azahar. Ya Fati ta tare ni a zaure. "Tun safe bai ci komai ba. Ƙofa kawai yake kallo."

Na sa katin a tsohuwar ordinatarsa, inda ya nuna. Ya Fati ta tallafo kansa. Ga gawo nan, kamar tafin hannu. Ga ni ƙarƙashinsa, ɗan ɗigo da hula. Sai gonar ta buɗe.

Jigawa duk ta ƙone. Fara fat, tun daga gawo har tsakiya, fiye da rabi. Jirgin ya ci gaba, ya gangara kwari. Nan launin ya sake. Layi-layi na ramukan rabin wata, waɗanda Mushe ya sa aka haƙa shekara uku baya don su tare ruwa, ana yi masa dariya wai aikin 'yan lakwal. Daga sama kamar ɓawon kifi suke, kowanne cike da kore.

"Tsayar nan," ya ce. "Koma baya. Tsaya."

Ya kai yatsa jikin gilashin yana bin layukan, leɓensa na motsi. Ya daɗe.

"Dami talatin. In Allah ya kare tsuntsu, da biyu." Ya numfasa. "Zai kai ta Yuli. Saura wata biyu kafin sabo."

Ya Fati ta ce, "Sai in riƙa cin rabi."

"Ba za ki ci rabi ba. Kira mini Ramatu."

Na ce, "Ajiye wayar, Ya Fati. Wata biyun a kaina yake."

Ya juyo da kai da ƙyar. "Ban roƙe ka ba."

"Ni ma ban ce ka roƙa ba. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidana, katanga ɗaya ce. Kwana biyar na cinye maka."

Ya kalle ni har na gaji da kallon. Ya san ni. Ban taɓa cewa ƙofa za ta fito Laraba ta kai Alhamis ba.

"Fati," ya ce, "zauna ɗakinki." Sai kuma, "Ina jirgin?"

"Hannu ɗaya ya tsage."

"Kara ne. Ka zaro wani a rumfarka." Ya miƙa hannu wajen kwalaben. "Ba ni maganin nan."

Ya kwana biyu bayan haka. Ranar Juma'a da hantsi ina yankan ƙarfe, matata ta zo bakin shago ta ce Mushe ya cika. Na kashe injin. Ni da Mahamud muka yi masa wanka. Bai fi jirgin ƙarfen nan nauyi ba a hannuna. Kafin masallaci mun kai shi mun dawo.

Ramatu ta zo, ta yi kwana bakwai, ta koma ita kaɗai.

Da kaka amalanke ya kawo geron. Ni na sauke, Mahamud na miƙo mini: talatin da ɗaya. Na jera su a ɗakin da ke kusa da madafa. Ya Fati tana cikin takaba, tana zaune bakin ƙofarta da carbi, ba ta ɗaga kai ba.

Jirgin na rataye a ƙusa ƙarƙashin rumfarta, da sabon hannun da na ɗaura masa, ya fi sauran haske. Wani ɗan tsuntsu ya sauka a kai, ya tsattsagi zaren, ya tashi. Farfela ɗaya ta juya sau biyu, ta tsaya.