Zango na Uku a Filin Ashmont

Kwana goma sha tara Lavell Hairston ya yi bai taɓa ƙwallo ba. Zazzaɓin ya kama shi ne a ƙarshen Satumba, maƙogwaro ya kumbura har haɗiyar yawu ta zama aiki. Likitan kwalejin ya duba jininsa ya ce mono ce, ƙwayar cutar nan da ke zagaya ɗakunan ɗalibai duk shekara, kuma ba ta da magani sai kwanciya. Ya ƙara da cewa saifarsa ta kumbura, in wani ƙato ya faɗa masa a fili tana iya fashewa.

Kwanciyar ta fi ciwon damun sa. Shi ne mai jefa ƙwallo na Kwalejin Talbert Springs a wasan ƙwallon Amurka, wanda ake jifa da hannu, shekararsa ta ƙarshe ke nan, ga wasan Ashmont yana ƙaratowa. Ashmont babbar jami'a ce, irin waɗanda kan gayyato ƙaramar makaranta sau ɗaya a shekara su lallasa ta a gaban mutanensu. Jaridu sun riga sun yanke cewa da tazarar maki talatin za a tashi. Amma bana Talbert ta ci wasa biyar a jere, biyu daga masu tsaron bayan Ashmont kuma suna jinya, har a shagon aski an fara cewa ai wa ya sani. Lavell yana jin wannan daga kan gado. Ya tashi ya zauna, ya leƙa taga, ya koma ya kwanta. Mahaifiyarsa ta yi tuƙin awa biyu ta kawo masa romon kaza da burodin masara, ya ci cokali uku ya ture.

Ranar Alhamis aka sake ɗaukar hoton cikinsa. Madam Odessa Pruitt, mai kula da lafiyar 'yan wasa, ta kira shi ofishinta.

"Saifar ta koma daidai. Likita ya sa hannu."

"To shi ke nan, Madam." Har ya miƙe.

"Koma ka zauna. Jiya na gan ka a matakalar ɗakin karatu, ka tsaya a tsakiya."

"Saƙo ne ya shigo mini."

"Saƙon ne ya sa ka dafa bango?" Ta cire tabarau ta dube shi. "Nauyin fam goma sha biyar ka zubar, Lavell. Hoto saifa yake nunawa, ba ya nuna ƙarfi. Wannan kai kaɗai ka sani."

"Garau nake, Madam."

Haka ya faɗa wa Koci Hembree ma da yamma. Ya yi jifa ashirin a wajen atisaye, duk suka tafi inda ya aika su, sannan ya shige bayi ya zauna har bugun zuciyarsa ya lafa.

A ɗaki Tyce Ledbetter yana miƙe a gado yana cin gyaɗa. Shekara uku suna ɗaki ɗaya, shekara ukun kuma Tyce yana zaman benci a bayansa, sai da ciwon nan ya zo ya samu ya buga wasa biyu, ya ci duka.

"Gawa ta tashi," in ji Tyce. "Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige. Kwalkwalin ma zai zauna?"

"Ka gama ɗana kujerar mutane, koma bencinka. Ya yi kewar ka."

Tyce ya yi dariya, amma bai daɗe yana yi ba. "Da gaske, ɗan'uwa, za ka iya zango huɗun wasan duka?"

"Ka taɓa ganin na kasa?"

Da tsakar ranar Asabar aka take wasa, mutum dubu sittin cikin jajayen rigunan Ashmont suna ruri. 'Yan Talbert da suka biyo motoci ba su cika lungu ɗaya ba. Lavell ya shiga kamar wanda aka kwance daga turke. Jifansa na farko ya ci yadi goma sha biyu, na huɗu ya tsallake kan masu tsaro ya faɗa hannun mai karɓa a bayan layin ƙarshe, suka samu maki bakwai. Filin ya yi tsit har yana jin gangar 'yan makarantarsu. Kafin hutun rabin lokaci suka ƙara wasu bakwai, aka shiga ɗaki Talbert na da goma sha huɗu, Ashmont goma.

Ɗakin ya kaure, ana dukan akwatunan kaya. Lavell ya zauna a ƙarshen benci da tawul a ka. Ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗura musu yashi. Koci Hembree ya durƙusa a gabansa.

"Yaya jikin, ɗana?"

Lavell ya hangi Tyce a tsaye can baya riƙe da allon dabaru, yana kallon su. Ya tuna mahaifiyarsa tana cikin 'yan kallo, da mutum biyu masu farauto wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa da aka ce sun zo.

"Daram, Koci."

A zango na uku abin ya fito fili. Da ya ja da baya zai yi jifa sai ya ji ƙasa ta yi nisa. Mai karɓa ya kuɓuce wa mai gadinsa, fili fetal a gabansa, jifan da Lavell ya yi sau dubu tun yana sakandare. Ya saki ƙwallon, ta tashi ba ƙarfi, ta sauko yadi biyar kafin inda ya nufa. Wani ɗan Ashmont ya cafe ta ya zura da gudu. Lavell ya bi shi taku shida, ƙarfinsa ya ƙare. Yana tsaye yana haki mutumin ya ƙetare layi, Ashmont ta koma goma sha bakwai.

Ya sake shiga, ya yi jifa uku, babu wanda ya isa. Da ya fito bai nufi benci ba, ya tsaya gaban Koci.

"Koci, sa Tyce. Ba ni da sauran komai."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin hutu."

Koci ya dube shi, muƙamuƙinsa na motsi. Ya juya ya kira Tyce.

Sauran wasan a tsaye Lavell ya kalle shi, duk da Madam Pruitt ta ce ya zauna sau uku. Ya bi layin gefe ya dawo, ya ɗauki ruwa ya ajiye bai sha ba. Ashmont ta ƙara maki uku da bugun ƙafa, Tyce ya ja su suka rama uku. Saura minti ɗaya da rabi ƙwallo ta dawo hannun Talbert a can ƙarshen filinsu. Tyce ya jefa gajere, ya jefa wani, ya ruga da kansa ya ci yadi goma sha ɗaya, jajayen riguna duk sun miƙe tsaye. Suna tsallake tsakiyar fili aka kayar da mai karɓa kafin ya fita layi ya tsayar da agogo, agogo ya ci gaba da tafiya, ya ƙare suna ƙoƙarin jeruwa su sake kai hari. Ashmont ashirin, Talbert goma sha bakwai.

Mahaifiyarsa ta same shi a bakin mota, ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta ce ya rame, ta cusa masa ƙunshin abinci. A cikin motar wasu har suna murna, wai maki uku kacal, gobe kowa zai san sunan Talbert. Tyce ya zo ya zauna kusa da shi. Suna ratsa gonakin auduga Tyce ya soma magana.

"Da ka fito tun hutu, da mun ci su."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba."

Lavell ya juya ƙunshin a hannunsa. "Na sani."

Tyce ya karɓe ƙunshin ya buɗe, ya gutsuri burodin ya miƙa masa sauran. Lavell ya ci kaɗan. Daga gaban motar Koci Hembree ya aiko a gaya masa yana son ganin sa a ofis ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, shi da Tyce.