Ƙanƙara a Kan Fatar Ido

Matar ta zauna a bakin gadon gwaji, ta ɗaga haɓa kamar mai leƙen katanga, don ta hango ɗaliban likitanci ta ƙarƙashin fatar idanunta da ta rufto. Mai ɗinki ce. Surukarta, uwar mijinta, na gefe a kan kujerar roba, ta harɗe hannuwa.

Babbar likitar, wadda ɗalibai ke kira Uwar Jijiya a bayan idonta, ta nuna wani ɗalibi, Dogo, da 'yar gudumarta ta roba. "Yau kai ne likita. Ni 'yar kallo ce."

Dogo ya matso kusa da gadon. A aji babu mai ja da shi, amma a gaban mara lafiya harshensa nauyi yake yi. Ya ƙwanƙwasa gwiwoyin matar, ƙafafu suka harba lafiya lau. Ya sa ta matse masa yatsu, ƙarfinta kamar na kowa.

"Ban da idon nan, ban ga komai ba, ranki ya daɗe," ya ce, murya can ƙasa.

"Kun ji ko?" in ji surukar. "Da safe garau take tashi. Da rana ta yi, aiki ya taru, sai ido ya rufe, hannu ya mutu. Ko abinci sai ta ce ta gaji da tauna. Ina aka taɓa gajiya da tauna? Ni dai na faɗa wa ɗana, son jiki ne."

Ɗalibai suka ƙunshe dariya. Mai ɗinkin ta sunkuyar da kai.

"Dogo," in ji likitar, "hannunka ya gama nasa. Kunnenka fa?"

Ya tuno maganar tsohuwar. Da safe garau, da rana a mace. Sai ya ɗaga yatsa sama da goshin matar. "Baiwar Allah, ki kafa wa yatsan nan ido, kada ki sauke."

Ta yi ƙoƙari. Suna kallo fatar idon ta riƙa zamewa a hankali kamar ana jawo ƙofar shago, har ta rufe baƙin idon.

"Ƙarfin yana nan, ƙarewa yake yi," ya ce, yana jin muryarsa ta daidaita. "Saƙon jijiya ne ke raunana kafin ya isa tsoka."

"Nuna mana."

Ya roƙi ƙanƙara a wurin nas, ya ƙulle ta cikin safar hannu, ya ɗora a kan idon matar na dama. Ruwa ya gangaro mata a kumatu. Can Dogo ya ɗauke ƙanƙarar.

Idon ya buɗe tar.

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ikon Allah! Ashe kuna da yawa haka?"

Wannan karon har likitar sai da ta dara. Ta jawo kujera kusa da tsohuwar. "Inna, ciwo ne na gaske, ba son jiki ba. Sanyin nan na ɗan lokaci ne, idon zai sake rufewa. Za mu gwada jininta, sannan akwai magani."

"Zan sake zura zare a allura?" mai ɗinkin ta tambaya. Ba likitar ta duba ba, Dogo ta duba.

Ya saci kallon malamarsa, ta gyaɗa masa kai.

"Da yardar Allah," ya ce, wani daɗi na ratsa shi.

Idon ya fara saukowa. Surukar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta kama bakin mayafinta, ta share wa matar ɗanta ruwan da ke kumatunta.

"To, tashi a hankali," ta ce. "Girkin yau ni zan yi. Na gobe kuma sai mun ji abin da magani ya ce."