Wanda Ya Ci, Shi Zai Ciyar

Shekara bakwai Ashiru tela yana jelen kotu a kan gidan da ke manne da nasa a Ƙofar Dumi, wanda mahaifinsa ya ara wa ƙaninsa, wato baffan Ashiru, har aro ya nemi zama gado. Ranar Litinin alƙali ya ba shi gaskiya. Burinsa bai wuce ya rushe katangar tsakani ba, ya haɗe gidajen, ya samu sarari ya huta. Ya ce wa magini ya fara ran Laraba. Zancen mutum goma sha bakwai da ke zaune ciki kuwa, ya ture shi gefe kamar ƙashi a bakin kwano.

Ran Larabar bayan la'asar yana zaune a majalisar ƙofar shagonsa, gajiya ta hana shi ko murna, sai hira ta karkata kan yaƙi. Hafizu mai facin taya, wanda ko kaza bai iya yankawa, ya ce da za a gwabza da wata ƙasar maƙwabta a yi nasara, haɗiye ta kawai za a yi, gonakinta da ma'adinanta su dawo namu. Toma, tsohon soja da ke gadi a GRA, ya tambaye shi miliyan nawa ne mutanen can, wa zai ba su ruwa da magani, kuma ran zaɓe wa zai fi ƙuri'a. Ya ce uwar da ka kashe wa ɗa ba za ta rera maka taken ƙasa ba.

"Ku Hausawa kuna cewa an ci ƙasa, amma ba kwa ƙarasa maganar," in ji shi. "Wanda ya ci, shi zai ciyar."

Aka yi dariya. Ashiru bai yi ba. Ya zari takalmi ya nufi gida don ya dakatar da magini, ashe bakin alƙalami ya bushe, katanga tana ƙasa. Yara sun cika tsakar gidansa, mata sun yi layi a famfonsa, matarsa Lailatu tana tsaye riƙe da tukunyar mutum biyar.

Inna Yelwa, matar baffan nasa, ta tsallako ɓaraguzai tana dogara sanda, ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar ɗakinsa.

"Sannu da nasara, Ashiru," ta ce a hankali. "Ƙarfe nawa kuke sauke tuwo a nan?"