Hular Baba Dabo

Ƙarfe huɗu ta ɗan gota, hadari ya haɗo ta gabas amma ya ƙi sauka, sai zafi mai sa riga ta manne a jiki. Ina zaune a rumfata ina gyaran wata waya, sai ga hula ta faɗo a kan teburina.

"Ɗauki kayanka, Mumini," in ji Baba Dabo daga bakin zaurensa. "Ido na ce ka yi min, ka zo ka ɗora min gyare a ka."

Baba Dabo maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekararsa tara da rasa gani, amma da sandarsa yake zuwa ko'ina, har gona. Sanda kuwa ƙasa ta sani, ba ta san abin da ya wuce ƙirji ba. A farkon damina ya yi karo da bakin kwanon wata sabuwar rumfa, goshinsa ya tsage, aka yi masa ɗinki huɗu. Daga ranar babban ɗansa Yahya ya kafa doka: ba fita sai da mai ja masa sanda. Baba ya ce shi ba akuya ba ne. Sai ya zauna a zaure wata biyu bai taka gonarsa ba, ga ƙafafunsa sun soma kumburi, likita ya ce zuciya ce.

Ni karatuna a firamare ya tsaya, amma hannuna ya saba da cikin rediyo da waya. A birni na ga ɗan abin nan da ake maƙala wa bayan mota, mai ƙara idan direba ya kusa bugun wani abu. Shi na sayo na ɗinke a gaban hular Baba, batirin a aljihun rigarsa.

"Amma ai yana aiki, Baba," na ce.

"Yana aikin toshe min kunne. Ni da kunne nake tafiya. In na ji injin niƙan Tahira a hagu, na san na zo kwana. Yanzu ba na jin komai sai tit-tit-tit."

Ban taɓa tunanin haka ba. Na cire ƙarar, na ciro abin da ke sa waya girgiza daga wata matacciyar waya, na sa masa a gefen hular. Washegari na raka shi masallaci da ita. Da aka tayar da sahu sai hular ta ga bayan mutumin gabansa, ta yi ta girgiza har aka sallame. Da muka fito ya ce raka'a huɗu ya yi da ƙudan zuma a ka. Na sa mata makunni.

Hanyar gona ce ta fi ba ni wuya. Siririya ce, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, ganye yana kaɗawa. Muna shiga hular ta kama girgiza ba tsayawa. Baba ya tsaya yana haki, ya cire ta, ya shafa idon da ke gabanta da yatsa.

"Idonta ya cika faɗi. Komai sai ta kalla, kamar baƙauye a birni. Ka matse shi ya dubi gabansa kawai."

Guntun tiyo na yanka na zura idon a ciki. Sau uku ina rage tsawonsa yana gwadawa a reshen darbejiyar ƙofar gida, kafin ya ce, "Yauwa. Yanzu ta yi hankali."

Ranar Laraba da hantsi ya fito da hular a kai da sanda a hannu. Yahya yana ƙofar gida yana goge babur.

"Baba, ina zuwa?"

"Gona."

"Bari in kai ka a babur."

"Buhun taki ake kaiwa a babur."

Yahya ya juyo kaina. "Kai ne ka zuga shi da wannan tarkacen. Mutum ba ya iya taku ashirin sai ya huta. In ya faɗi a hanya, kai za ka ɗauko shi?"

Na sunkuyar da kai, domin gaskiya ya faɗa.

"Ƙyale shi, ni na sa shi," in ji Baba. "Yahya, in faɗuwar ce, a zaure ma zan faɗi. Gara in faɗi ina tafiya. Matsa min."

Yahya bai matsa ba. Baba ya taka har hular ta gan shi, ya tsaya, ya ce, "Ka ga, ta ce akwai abu a gabana." Sannan ya kewaye shi ya wuce.

Na bari ya yi nisa, na cire takalmi na bi bayansa a hankali. Ko rijiya ba mu kai ba ya tsaya.

"Mumini, diddigenka na dama yana jan ƙasa tun kana yaro. Koma."

Na koma. Ban iya taɓa aikin kowa ba. Yahya ya tayar da babur sau biyu, ya kashe. Ana kiran azahar sai ga Baba ya ɓullo, wandonsa duk taɓo, yana dafa katanga. Ya zauna a dakali ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo.

"Ruwa ya fasa kunya uku ta kusurwar gabas, wajen gamba," ya ce. "Yana kwashe ƙasa zuwa gonar maƙwabci. A je a tare."

"Shekaranjiya na je ban ga komai ba," in ji Yahya. "Baba, ka dai zauna a wata inuwa ka dawo."

"To, mai ido ya faɗa."

Bai sake fita ba. Ranar Juma'a da safe na shiga gaishe shi, yana kwance a tabarma, hular tana kusa da kansa. Ya ce tiyon yana ɗan sokar goshi in an yi sujada, in rage shi kaɗan. Na ce to. Kafin a tafi masallaci Allah ya karɓi abinsa. Da la'asar muka kai shi.

Kwana uku ana zaman makoki, Yahya bai dube ni ba ko sau ɗaya. Rana ta huɗu bayan asuba na saɓa fartanya na bi hanyar gonar. A kusurwar gabas, wajen gamba, kunya uku a fashe, ruwa ya yi ɗan kwari ya tone saiwar gero. A gefe, inda laka ta bushe, ga ramukan bakin sanda nan a jere, da sawun gwiwa biyu inda ya durƙusa ya laluba.

Na jawo ƙasa na soma tarewa. Ina kan kunya ta biyu na ji babur ya tsaya a bakin hanya. Yahya ne. Ya sauko ya tsaya a kan sawun, ya daɗe yana kallo. Can ya koma ya hau babur ɗinsa, bai tayar ba, ya tura shi da ƙafa har ya shige cikin dawa.

Na ƙarasa ta ukun, na tattake ƙasar da ƙafa, na tayar da geron da ya kwanta.