Jarkar da Mai Famfo Ya Cika

Tun ranar da aka binne mijinta Mai Wanki take jin ɗigar ruwa a gidan. Ba ko yaushe ba. Sai da rana tsaka, in layin ya yi tsit, injin mai walda na ƙasan bene ya huta, ita kuma tana tsaye kan teburin guga. Ɗis. Sai ta ɗaga dutsen gugar ta kasa kunne. Har ta fara cewa kunnenta ne kawai, sai wani ya sake faɗowa.

Abin da ke tayar mata da tsigar jiki shi ne, mijin nata mai gyaran famfo ne, kuma a duniyar nan ba abin da ya tsana kamar ɗiga. Mutumin da zai bar abinci yana hucewa ya tafi ɗaure famfon maƙwabta, ba wanda ya kira shi. Shi ya kafa dokar gidan, cewa ruwa ba ya fita sai ya yi aiki uku: na ɗauraya ya koma na wanki, na wanki ya goge ƙasa, na ƙasa ya wuce ban-ɗaki. Da jan fenti ya ja layuka a jikin duro, layi ɗaya na yini ɗaya, na sha kuwa kofi shida kowa. Mahaifiyarsa, wadda ke zaune da su a ɗakin da aka raba da katako, takan ce yaron nan da zai iya, gumin mutane ma sai ya tara a bokiti.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba rowa ba ce, bashi ne. Ya ɗebi bututu da kawunan famfo a shagon kayan gini don wani babban aiki, ɗan kwangilar ya cika wandonsa da iska, aka bar bawan Allah da takarda a hannu. Yana cikin biya ne wata safiya ya hau benen da jarka cike a kafaɗa. Ya dire ta da ƙarfi a bakin ƙofa, ya dafe ƙirji, ya ce bari ya ɗan zauna. Zaman ke nan.

Mai shagon ba mugu ba ne, amma ba shi da mantuwa. Ya riƙe akwatin kayan aikin marigayin, ya raba abin da ya rage kashi huɗu, ya ce in wata na huɗu ya ƙare kuɗin bai cika ba, to, akwai wanda ya riga ya taya akwatin. Mai Wanki ta sayar da kekensa, da rediyonsa, har takalman da bai gama sabawa da su ba. Ban da rigar aikinsa, abu biyu kaɗai suka rage na mutumin: akwatin da ke hannun wani, da jarkar nan. Ita ta ɗora ta da ruwanta a kan benci a ɗakin surukarta, ta lulluɓe ta da rigar aikinsa, ta ja labule. In ta shiga kai wa tsohuwar abinci, ba ta ko kallon kusurwar.

Ta nemi ɗigar har ta gaji. Ta naɗa tsumma a bakin famfo, ta manna kunne a bango, ta durƙusa gaban mitar ruwa tana kallon allura ko za ta motsa. Ba komai.

“Mama, ke ba kya jin wani abu na ɗiga?” ta tambaya wata rana.

“Kunnuwan nan sun tsufa, ’yar nan,” in ji tsohuwar, ta ci gaba da linke zaninta.

Daga nan ne Mai Wanki ta fara yarda, ba tare da ta gaya wa kowa ba, cewa shi ne. Yana ƙirga mata. Duk ranar da ruwan duro ya sauka ƙasa da jan layi, sai ta ga kamar ɗigar ta fi ƙarfi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, ga kunyar mamaci kuma. Ta rage nata na sha zuwa kofi huɗu, leɓɓanta suka tsattsage, tana yi wa duro magana ƙasa-ƙasa tana ba shi haƙuri.

Ranar ƙarshe ta wata na huɗun ta zo, kwana uku ke nan da ɗauke ruwa a unguwar. Zanen tebur arba’in na wani gidan abinci suna cikin baho, sun sha sabulu, saura ɗauraya. Kuɗin aikinsu, in aka haɗa da abin da ta tara a ambulan, shi ne cikon bashin daidai, ba ragi ba ƙari. Masu tankar ruwa sun ninka farashi, kuma ba sa jin kalmar gobe. Maƙwabta kowa na lallaɓa ɗan abin da ke gindin bokitinsa. Ta leƙa duro, ta hango fuskarta a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Mai shago kuma ƙarfe biyar yake rufewa.

Ta daɗe tsaye a bakin ƙofar katakon kafin ta shiga.

“Mama, ki yafe mini. Zan taɓa jarkarsa.”

Mai Wanki ta yaye labule, ta cire rigar, ƙanshin man ƙarfe ya bugi hancinta. Ta gyara tsayuwa, ta tattara ƙarfinta kamar mai ɗaga buhu, ta fizga. Jarkar ta taso fayau, har ta buge ta a haɓa, ta yi taga-taga ta jingina da bango.

Babu komai a ciki sai ɗan abin da ke kaɗawa a gindi. A kusurwar ƙasa akwai wata ’yar tsaga, inda ta daki siminti a safiyar rasuwarsa. Ƙarƙashin bencin kuwa ga kofin ƙarfe a ajiye, ruwa ya kai rabi. Tana kallo, ɗigo ɗaya da ya maƙale a gefen katakon bencin ya saki. Ɗis.

“Kin sani,” in ji Mai Wanki. “Wata huɗu ina zaton hankalina ne ke barina.”

“Na sani. Kwana biyu da rasuwar na ga ƙasa ta jiƙe. In na faɗa miki, juye ruwan za ki yi a duro, ya cakuɗe da na kowa.” Tsohuwar ta sunkuyar da kai. “Kofi ɗaya yake ba ni a yini. Ni nake shanyewa da safe. Yaron nan ne ya ɗebo, ’yar nan. Tun yana ƙarami shi ke kawo mini ruwa. Na cuce ki, na sani, amma na kasa.”

Mai Wanki ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Zama ta yi a ƙasa da jarkar a cinyarta, ta fashe da kuka, irin wanda ba ta samu sukunin yi ba tun da aka fara maganar kuɗi. Ba ruwan ɗauraya, akwatin ma ya tafi ke nan.

“Janyo abin da ke ƙarƙashin gadon nan,” in ji tsohuwar.

Robobi ne, tsofaffin robobin lemo, a jere har bango, kowace cike, murfi a ɗaure tam.

“Kofi shida kike ba ni. Tun da ina shan nasa ɗaya, ai ɗaya ya yi rara a wanda kike ba ni, shi nake tarawa. Ko kin manta a gidan wa muke?”

Da su aka yi ɗaurayar, a hankali, zane biyar-biyar, ruwan na wucewa daga baho zuwa baho kamar yadda marigayin ya koya musu. Rana ta taimaka, dutsen guga ya ƙarasa sauran danshin. Biyar saura kwata mai shago ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya ja layi a littafi, ya turo akwatin da ƙafa daga ƙarƙashin kanta, ya ce Allah ya jiƙan mai shi.

Da ta hauro da akwatin, tsohuwar na zaune da kofin ƙarfen a hannu, ta tsiyaye sauran na jarkar a ciki, ba ta sha ba.

“Rabi naki,” ta ce.

Ruwan ya yi ɗanɗanon roba, ga ɗumi. Mai Wanki ta shanye nata, ta ce ko ta sake cika jarkar ta mayar da kofin wurinsa.

“A’a. Akwai gam a akwatinsa. Liƙe ta. Kin san ba ya son ɗiga.”

Ta liƙe. Washegari da rana tsaka injin mai walda ya huta, layin ya yi tsit. Mai Wanki ta ɗaga dutsen guga ta kasa kunne, ta daɗe a haka, har sai da dutsen ya huce a hannunta.