Bututun Da Bai Bi Kwata Ba

Ma'aikatan ruwa sun fara kwance naɗin bututu a bakin kwata lokacin da Sista ta fito, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta daɗe da barin aikin jinya, amma sunan ya biyo ta har sabon gidan da ta gina. Tun da suka tare ita da mahaifiyarta, ruwan saye suke sha.

"Injiniya, me nake gani haka?"

Shugaban ma'aikatan ya share zufa da hularsa. "Jona miki ruwa za mu yi, Hajiya. Babban bututu yana can kusurwar layi. Za mu kwantar da naki cikin kwata, mu biyo da shi har ƙofarki. Kafin azahar kin yi wanka da famfo."

Ta leƙa kwatar. Bututan maƙwabta suna kwance cikin ruwan wanke-wanke da ledoji. An ɗaure mahaɗin ɗaya da robar taya.

"In aka ɗauke ruwa fa?"

"To, in akwai ɓula, yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi." Ya ɗaga kafaɗa. "Amma duk layin nan haka aka yi."

"Na wanke masu amai da gudawa da hannuna. Tsohuwata ba za ta sha wannan ba. Wace hanya ce kuma?"

Akwai wata hanyar, in ji shi: a haƙa rami tsakanin kwata da katanga, a binne bututun a busasshiyar ƙasa. Sai dai ramin zai ratsa gangaren simintin da ke ƙofar maƙwabcinta, inda motarsa take tsaye yanzu haka.

"Ki sani, da la'asar mota za ta kwashe mu. Gobe muna wata unguwa. In ba a jona yau ba, sai bayan damina."

Sista ta saka ɗaya takalmin.

Maƙwabcin, dillalin tayoyi ne, yana zaune kan benci a inuwar ƙofarsa. Suka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce ita za ta sa a mayar da simintin yadda yake.

"Haba Sista! Kwanan nan fa aka zuba shi. In aka fasa, ko an gyara sai ya yi tabo." Ya nuna kwatar da carbinsa. "Ga nawa can a ciki tun da na zo unguwar nan. Wa ya mutu? Ku mutanen asibiti, ko iska mutum ya shaƙa sai ku ce a tafasa."

Ma'aikatan suka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta zauna a ƙarshen bencin.

"Shi ke nan, Alhaji. Rana ta dake ni. A taimaka mini da ruwa."

Ya miƙo mata gorar ruwan kanti da ke gefensa.

"A'a, kada in rage maka. Na famfo ya ishe ni."

Famfon yana nan daga cikin ƙofa, da kofin roba rataye a ƙusa. Ta tashi, ta buɗe shi, ta cika kofin. Ruwan garau yake, ba abin da ido zai gani. Ta ce bismillah, ta kai shi baki.

"Sista, ajiye!"

Ya riga ya miƙe tsaye. Ta tsaya, kofin a hannunta, tana kallonsa.

"Ba ma sha," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na wanki ne. Tun da ƙaramar jikata ta kwanta bara, na hana."

Ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya sami abin dubawa a jikin diga. Sista ta juye ruwan a gindin katanga, ta mayar da kofin kan ƙusarsa.

Alhaji ya laluba aljihu, ya ciro makullin mota. Ya ja ta baya a hankali, ya tsayar da ita a tsallaken layi. Da ya dawo, ya tsaya kan simintin, ya ɗan taka shi da ƙafa.

"Injiniya," ya ce, "ramin nan da za ku haƙa, zai ɗauki bututu biyu?"